Lallen Uwar Amarya

A unguwarsu ta bayan kasuwar Dungas, in mata suka zauna hirar wadda Allah ya yi wa dacen miji, sunan Fadi ake fara ambatowa. Ba don an san cikin gidanta ba, jikinta ake kallo. Doguwa ce wankan tarwaɗa, wuyanta ninki-ninki, in ta shigo gidan suna sai an matsa mata a tabarma, in za ta miƙe kuma sai ta dafa kafaɗar wata. Tsofaffi kan bi ta da ido su ce ga inda ake ci a ƙoshi. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta gyara mayafi.

Waɗanda suka san ta tun farko sun san ba haka ta zo garin ba. Ƴar makiyaya ce daga wani ƙauye a gefen Kwaya, mutanen da ke noma gero da damina su bi shanu da rani. Tana yarinya Sillen Kara ake ce mata. Alkasim ya auro ta ba shi da komai sai gonar gado da jaki, kuma ba su daɗe ba aka shiga shekarar fara da fari, wadda har yau in dattawa suka tuna ta sai hira ta tsaya. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Fadi ta ci anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci, ta ci tafasa ba gishiri, ta bi mata tonon gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi. Lokacin tana goyon ɗanta na fari. Nono ya ƙafe, yaron ya yi ta tsotsa yana kuka har ya daina kukan. Alkasim ne ya ɗauke shi a hannu zuwa makwanci. Da ya dawo ya tarar da ita zaune jikin danga, haƙarƙarinta a fili ta cikin riga. Sai daga baya ya gaya mata ya yi wa Allah alkawari, in har ya samu, ba za ta sake kwana da yunwa ba.

Ya kuwa samu. Da dakon kaya a amalanke ya fara, yana kai wa fatake buhuna kasuwar Mallawa, daga nan ya shiga saro nasa daga Najeriya, har ya buɗe butik, wato kanti, a bakin kasuwar Dungas. Shinkafa, taliyar maka, man girki, sukari, madarar gwangwani, lemon kwalba mai sanyi, duk abin da ya sauka a butik sai ya biyo ta gida. Injin niƙa ya karɓe daka, ƴan garuwa suka karɓe zuwa rijiya, gona kuma aka ba ƴan ƙodago. Turmin Fadi ya koma kujera a gindin darbejiya. Alkasim ba mutum ne mai daɗin baki ba. In yana so ya ce mata yana ƙaunarta, sai ya kwance takardar tsire a gabanta, ya buɗe mata lemo, ya zauna yana kallo har ta cinye. Ita ma ta san abin da yake faɗa, shi ya sa ba ta taɓa tura masa kwano da saura ba.

Allah ya ba su mace ɗaya da ta rayu, Nasiba. Shekarar da Nasiba ta isa aure ne ƙishirwa ta soma damun Fadi. Sai ta sha moɗa uku a bakin randa, kafin ta koma mazauninta maƙogwaro ya bushe. Barci ya gagara saboda yawan fita kewaye, da safe kuma sai ta ga kiyashi sun yi layi a inda ta tsuguna. Tafin ƙafarta yana mata zugi kamar an shafa barkono, daga baya ya koma kamar ba nata ba. Hassana, yayar Alkasim, wadda ke zaune a gidan da ke kallon nasu, ta ce zafi ne, ta jiƙo mata sabara da tsamiya. Haka aka yi ta lallaɓawa har wata ranar kasuwa da jiri ya ɗebe ta a tsakar gida, ta faɗi a kan kwanuka.

A likita, wato asibitin garin, wata ma'aikaciya mai suna Zeinabou ta soki ɗan yatsanta, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta ja kujera kusa da ita ta ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Ta yi mata bayani a hankali, cewa jikin ya yi wa kansa nauyi, abincin da take ci ba ya shiga inda ya kamata, sai ya tsaya a jini yana cin jijiyoyi da idanu da ƙoda ba tare da an ji ba. Ta ce ba a warkewa, amma ana zama da shi shekaru in an kiyaye.

Fadi ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Ni da na ci anza ban mutu ba, yanzu shinkafa ce za ta kashe ni?"

Zeinabou ba ta yi dariya ba. Ta ce irinta da yawa suna zuwa, waɗanda suka sha wuya da ƙuruciya sannan Allah ya buɗa musu. Ta rubuta mata ƙwayoyi, ta ce ta bar lemo da shayi mai sukari, ta rage tuwo da shinkafa, ta yawaita ganye, ta riƙa taka ƙasa kullum. Ta ƙara da cewa kada ta kuskura ta yi tafiya ba takalmi, kuma kowace safiya ta duba ƙafafunta, don ciwon kan kashe jin zafi.

Fadi ta yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Sai dai abincin da aka ce shi ne lafiyarta, shi ne abincin shekarar da ta binne ɗanta. Ranar farko da Nasiba ta kawo mata kwaɗon tafasa, loma ɗaya ta kai baki ta ajiye, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Alkasim ma abin ya tsaya masa a wuya. Yakan manta ya sayo tsire, sai ya zo ƙofar gida ya tuna, ya miƙa wa maƙwabta. Ya koma cin abinci a butik don kada ta ga abin da yake ci. In ya shigo sai ya zauna, hannunsa ba komai, kamar baƙo.

Tafiyar safe ce ta fara jawo magana. Mace irin Fadi ta fito tana zagaya unguwa ba biki ba mutuwa, sai aka dinga tare ta ana tambaya ko wani abu ya ɓace mata, ko lafiya da maigidan. Da jiki ya fara sauka, zani ya soma zagaye ta har ya wuce, awarwaro ya riƙa zamowa, sai maganar ta canza. Wasu suka ce Alkasim ya karye yana ɓoyewa. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce mutumin da ke yawan tsallaka iyaka, Allah kaɗai ya san abin da ya kwaso wa matarsa. Ita kuwa a jikinta ta fi jin daɗi. Ƙishirwar ta ragu, tana miƙewa ba dafa bango, Zeinabou ma ta yaba mata. Amma yabon mutum ɗaya a ɗakin likita ba ya toshe bakin unguwa.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Nasiba da Ilyasu, wani saurayi mai gyaran babura a Magaria, wanda ita ta kawo shi da kanta. Hassana ta karɓi gyaran amarya, tana ɗura wa yarinyar kunun gyaɗa da madara safe da yamma. Wata rana ta sami Fadi ita kaɗai tana tsince zogale, ta zauna, ta kalle ta tun daga wuya har ƙafa.

"Dangin ango za su zo daga Magaria," in ji ta. "Haka za ki fito musu? Su koma su ce uwar amarya kamar an tono ta? Ki ji tausayin ƙanena, Fadi. Sunansa ake ci a gari."

Ta kwance bakin zani ta ajiye mata wasu ƙananan ƙwayoyi a ƙullin leda, irin waɗanda masu tallan magani ke yawo da su a faranti ranar kasuwa. Ta ce duk matan da ta ga sun yi ɓul-ɓul su suke sha, suna buɗe ciki, kafin biki za ta koma yadda take. Ba da mugunta ta kawo ba. Hassana ma ta ga waccan shekara, kuma a wajenta rama ƙanwar mutuwa ce.

Fadi ta jefa ƙullin a cikin kwalla ta rufe, ta ce a ranta ba za ta taɓa ba. Da ta riƙe hakan, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma a makon ta je barka gidan wata maƙwabciya, aka kawo ruwa ta sha, ta miƙa moɗar ga matar da ke gefenta, wadda suka shekara goma sha suna cin kwano ɗaya. Matar ta karɓa, ta riƙe jim kaɗan, ta ajiye a bayanta ba ta sha ba. Fadi ta ƙarasa zaman, ta yi sallama kamar kullum, ta dawo gida ta buɗe kwalla.

Ƙwayoyin sun yi aikin da aka ce. Yunwa ta taso mata irin wadda ba ta jin magana. Ta koma kan shinkafa da maka, ta koma kan fura da sukari, kumatunta suka ciko, fuska ta yi zagaye. Ƙishirwa ta dawo fiye da da, amma ta yi shiru, ta kuma daina zuwa awo don kada Zeinabou ta gan ta. Ranar da Alkasim ya shigo ya tarar ta share kwanon shinkafa da mai, tsayawa ya yi a bakin ƙofa, sannan ya yi dariya har haƙoransa suka fito. Ya ce dama ya san Allah ba zai bar su haka ba. Washegari ya dawo da tsire, ya zauna kusa da ita kamar da. Mata suka shiga yi mata barka da samun sauƙi, har da waccan mai moɗa.

Saura ƴan kwanaki biki, gida ya cika da masu suyar cincin da dubulan. Fadi tana kai da kawo tsakanin murhu da ɗaki, takalmi ya tsinke, ta ci gaba a haka. Nasiba ce ta ce, "Inna, tsaya, me ke ƙauri?" Garwashi ne ya manne a ƙarƙashin babban yatsanta, ya ci fata ya shiga nama, ita ba ta ji komai ba. Da ta ga ramin, maganar Zeinabou ta dawo mata. Amma gida cike da baƙi, ga lefe ana dubawa, ga tukwane a wuta. Ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma, ta ce in an watse za ta je.

Ranar ƙunshi mai lalle ta yi wa Fadi har idon sawu, aka bi da gishirin lalle ya kama ya yi baƙi sidik. Kowa ya ce ƙafar uwar amarya ta fi ta amarya kyau.

An yi biki na gani na faɗa. Fadi ta fito cikin shadda ruwan goro, ta cika ta fam, ɗaurin kallabi ya zauna. Zabiya ta wasa ta, ta kira ta giwar mata, matar Alkasim mai butik, wadda yunwa ke gani ta canza hanya. Ta taka rawa kaɗan, mata suka yi guɗa, dangin ango suka ce lalle ɗansu ya shiga gidan mutunci. Da za a tafi da amarya ta riƙe hannun Nasiba ta yi mata nasiha, suka yi kukansu, mota ta tashi. Daga baya, ko a lokacin da abubuwa suka lalace, Fadi ba ta taɓa cewa ranar ba ta yi mata daɗi ba.

Bayan an watse ba ta je likita ba. Ta ce bari gajiya ta sake ta, ta ce bari a mayar da kwanukan aro. Gaskiyar ita ce tsoro take ji. Zazzaɓi ya fara zuwa da yamma, ƙafar ta kumbura, ta riƙa tura turaren wuta a ɗaki ba dare ba rana. Alkasim ya ɗauka ɗabi'ar biki ce ba ta sake ta ba, sai ranar da ya shigo kaskon turare ya mutu, ya ji abin da turaren ke rufewa. Bai tsaya tambaya ba ya nemo mota.

Zeinabou ta kwance tsumman, ta jiƙa auduga ta goge yatsan, ta sake gogewa. Lallen da ke gefen ƙafa ya riga ya fara koɗewa ya koma ja, amma yatsu biyu da abin da ke bayansu suna nan baƙi ƙirin, sun yi sanyi.

"Wannan ba lalle ba ne, Hajiya," ta ce a hankali.

Ta tambaye ta ko akwai abin da take sha ban da nata maganin. Fadi ta faɗa mata. Zeinabou ta rufe ido jim kaɗan, ta ce waɗannan ƙwayoyin su ne suka fi komai tayar da sukari, kuma cikar da aka gani rabinta kumburi ne. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta tura su Magaria, Magaria ta tura su Damagaram, a can likitoci suka ce in ba a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa ba, ruɓar za ta hau ta tafi da ita gaba ɗaya.

Da safen da za a shiga da ita ɗakin tiyata, Alkasim yana zaune bakin gado, hula a hannu. Ya tambaye ta me ya sa ba ta gaya masa ba.

"Na ga ka yi dariya ranar, Malam," ta ce. "Ka daɗe ba ka yi ba."

Ya juya fuskarsa ga bango. Har aka tura gadon bai iya juyowa ba.

Ta dawo Dungas da sanduna biyu da allurar da ake yi mata kullum. Maganin ba ya son zafi, sai Alkasim ya riƙa binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashin gindin randa saboda yawan ɗauke wuta, ya kuma koyi yin allurar da hannunsa. Unguwa ta zo dubiya, ana ta Allah ya sa kaffara ne. Hassana kuwa ranar farko a zaure ta tsaya, ta kasa shigowa. Rana ta biyu ta shigo, ta ɗauki bokiti ta kai ruwa kewaye, ta dawo ta tallabi Fadi. Tun daga nan ita ke yi mata wanka, ita ke wanke mata zannuwa. Ba su taɓa tayar da zancen ƙullin leda ba, ko sau ɗaya.

Idanu suka bi baya. Da farko kamar hayaƙi ne a gabanta, daga baya sai ta riƙa gane mutane da murya. Da Nasiba ta zo ganin gida bayan wasu watanni, mata suka yi ta yaba yadda aure ya karɓe ta, ta yi ƙiba ta yi haske. Fadi tana jin su daga ɗaki. Da suka keɓe ta zaunar da ita, ta gaya mata abin da Zeinabou ta ce, cewa ciwon yana bin jini, ɗiyar mai shi sai ta yi hattara tun da wuri. Ta roƙe ta ta je a auna ta, ta rage zaƙi, kada ta bari kowa ya ba ta ƙwayar ƙiba.

Nasiba ta ce to. Can kuma ta ce, "Amma Inna, in na rame me uwar mijina za ta ce? Ita ke dama mini fura da kanta."

Fadi ta ce Allah ya tsare, ta sa mata albarka.

Da damina ta kama, ɗayar ƙafar ta fara kumbura, fuska ma haka, likitoci suka ce ƙoda ce. Alkasim ya so a koma Damagaram. Fadi ta ce ta gaji da ƙarfen gado, a kai ta wajen danginta ta kwana biyu. Ya yi ta lallashi, ta ƙi, daga ƙarshe ya rufe butik ya kai ta da kansa. Mota ta ajiye su a Kwaya, ƙanenta Labbo ya taro su da amalanken shanu, aka shimfiɗa mata katifa a kai. Hanyar ta ratsa cikin gonaki, gero ya kai ƙugu, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka yi da asuba. Ta ce a tafi a hankali. Da suka isa, Labbo ya sa hannu ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya kai ta inuwa, ya ce, "Sannu da hanya, Adda."

Ta yi makonni a can. Kullum da la'asar sai a fitar mata da tabarma bakin garke, Alkasim a gefenta. Ba ta ganin shanun, amma tana jin sawunsu in sun doso, da kukan maruƙa a turke. Wata yamma wata saniya ta yi kuka daga nesa, Fadi ta ɗaga kai ta tambayi Labbo ko wannan jinin Goje ce, jar saniyar mahaifinsu mai karyayyen ƙaho. Labbo ya ce jikarta ce. Ta ce ta ji, muryar gidansu ce. Ta sa aka jawo mata ita, ta shafa wuyanta da goshinta, saniyar tana huci a tafin hannunta.

Ba ta kai kaka ba. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, gero yana fitar da kai, aka binne ta a nan cikin danginta. Alkasim ya zauna har aka yi sadakar bakwai. Da zai tafi Labbo ya raka shi bakin hanya, suka tsaya jiran mota a gindin wata gawo. Da motar ta zo ya shiga, ya koma Dungas shi kaɗai.